GIDAN ELMINA: Shekara Fiye Da 540 Yana Tsaye A Bakin Teku

Wanda ya baro Ankara, babban birnin ƙasar Ghana, ya miƙe yamma ta hanyar bakin teku, bayan tafiyar wajen mil 100 zai hangi wani farin gini can gabansa bisa wani falalen dutse, teku na dukan gindinsa ta kudu, wani ɗan kogi kuma ya kewaye shi ta arewa. Daga nesa sai ka ce fadar wani babban sarki ce aka shafe da farar ƙasa ana jiran salla. Wannan shi ne gidan Elmina, kagarar da Turawan Fotugal suka gina cikin 1482. A duk ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara babu wani ginin Turawa da ya girme shi wanda har yanzu yake tsaye.

Don mai karatu ya gane tsufansa, ya kamata ya tuna cewa sa'ad da aka kafa harsashinsa Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano, watau shi da Gidan Rumfa kusan tsara ne. Kolumbus bai riga ya ƙetare teku zuwa Amurka ba, sai bayan shekara goma. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa sai da aka yi shekara 272 da gina shi sa'an nan aka haife shi.

Daga Ikko ana iya zuwa a mota, a bi ta Seme da Kwatano da Lome a shiga Ghana ta Aflawo, kuma ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza, albarkacin yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma, sai dai takardun tafiya da katin allurar shawara. Daga Ankara a shiga motar Cape Coast, daga nan kuma saura kamar mil 8.

GARIN MASUNTA

Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Kafin baƙo ya kai ƙofar gidan sai ya ratsa garin Elmina kansa, wanda mutanen wurin ke kira Edina, garin masunta ne na gaske. A kan gadar da ta ƙetare kogin Benya mutum zai tsaya ko bai yi niyya ba. Ƙarƙashinsa jiragen kwalekwale ne ɗaruruwa sun cunkushe, kowanne an yi masa fenti ja da shuɗi da rawaya, an kafa masa tutoci, an rubuta masa wata addu'a ko wani kirari a gefe, kamar yadda direbobin manyan motoci ke yi wa motocinsu. Mata na cinikin kifi da ƙarfin murya, hayaƙin banda ya turnuƙe, samari na jan taru. Ranar Talata kaɗai ake samun sauƙin hayaniyar, don bisa al'adar wurin ba a fita su a wannan rana.

Da an ƙetare gada sai yara da samari su yi wa baƙo caa, wannan na tallar awarwaro, wancan na tambayar sunansa. Wanda ya faɗa, in ya fito zai tarar an rubuta sunan nasa a jikin ƙwaryar dodon koɗi ana jiran ladan aiki. Ba a faɗa da su, sana'a ce.

A bakin ƙofa ake yankar tikiti, kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban. Hukumar kula da gidajen tarihi da kayayyakin gargajiya ta Ghana ita ke riƙe da wurin, ita ce kuma ke ba da 'yan jagora waɗanda kan tara baƙi rukuni rukuni su zaga da su. Kafin a shiga akwai gwalalo biyu masu zurfi da aka fafe cikin dutse, da kadarko wanda a da akan ɗage shi da dare. Wanda ya san ganuwar birnin Kano ko ta Zariya ba zai ga baƙon abu ba a dabarar, sai dai nan dutse ne da tubali da farar ƙasa, ga kuma igwa a kowace kusurwa.

ZINARIYA CE TA KAWO SU

Mutane da yawa suna zaton don cinikin bayi aka gina gidan. A farko ba haka ba ne. Cikin 1471 jiragen Fotugal suka fara isowa wannan gaɓa, suka tarar da mutane na sayar da garin zinariya da araha, har suka sa wa wurin suna Mina, watau mahaƙa. Daga nan sunan Elmina ya samo asali. Wannan zinariya ba sabuwa ba ce ga duniya. Tun da daɗewa Wangarawa ke sayenta a bakin kurmin Akan suna kai ta arewa zuwa Jenne da Tambutu, daga can raƙuma su ƙetare Sahara da ita. Su ne dai Wangarawan da tarihin Kano ya ce sun iso birnin a zamanin Sarki Yaji. Abin da Fotugal ke so shi ne ta tare zinariyar tun daga tushe, ta juyo da ita teku, kada ta bi ta hannun Musulmin Magrib.

Saboda haka Sarki Juwawo na Biyu ya tashi wani jarumi nasa mai suna Diogo de Azambuja da jirage goma sha biyu da mutum 600, sojoji 500 da magina da kafintoci 100. Har duwatsun ƙofofi da tagogi an sassaƙo su tun daga Fotugal, da katako da farar ƙasa, duk aka loda a jirgi. Suka iso cikin watan Janairu 1482. Sarkin wurin, wanda Turawan suka rubuta sunansa Caramansa, ana kuma jin Kwamina Ansa ne, bai so ba. Marubutan Fotugal da kansu sun ba da labarin cewa ya nuna musu zumuncin da ake yi daga nesa, a zo a yi ciniki a koma, ya fi ƙarko bisa zaman maƙwabtaka. Da kyauta da lallashi da barazana aka shawo kansa. Ko da aka fara aiki sai da aka yi faɗa, don magina sun fasa wani dutse da mutanen garin ke girmamawa tun ba a kai wa sarki kyautar da aka yi alkawari ba. Duk da haka cikin kwana ashirin hasumiya ta tashi. Aka sa wa gidan sunan Waliyyi Jorji.

Ciniki ya kankama. An ƙiyasta cewa a farkon ƙarni na 16 zinariyar da ke fita ta wannan ƙofa takan kai oza 24,000 a shekara. Abin da ake bayarwa a madadinta kuwa munduwa ce ta tagulla, da tasoshi, da tufafin Magrib waɗanda mutanen ƙasar suka riga suka saba da su ta hanyar Sahara. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: a wancan zamani shigo da bayi ake yi Elmina. Jiragen Fotugal kan sayo mutane a gaɓar Binin, cikin ƙasar da yau take Nijeriya, su kawo su nan su sayar wa fataken Akan, waɗanda ke bukatar 'yan dako da masu haƙa. Watau bayin farko da suka kwana a wannan gida ba Amurka aka nufa da su ba.

Shekara 155 Fotugal ta yi tana riƙe da gidan. Turawan Holan sun kai masa hari cikin 1596 da 1625 ba su ci nasara ba. Daga baya, cikin Agusta 1637, sai suka yi dabara. Akwai wani tudu a ƙetaren kogi wanda ya fi gidan tsawo, ana ce da shi Santiyago. Da taimakon waɗansu mutanen ƙasar suka hau da igwa kansa, suka yi ta ruwan wuta daga bisa har na ciki suka miƙa wuya. Da yake sun ga ta inda aka ci gidan, sai suka gina wata ƙaramar kagara a kan tudun don kada a yi musu yadda suka yi wa wasu. Tana nan har yau, ita ma fara fat, tana kallon yayarta.

A hannun kamfanin Holan na Indiya ta Yamma ne al'amarin ya juye. Gonakin rake a Brazil da tsibiran Karibiyan suna bukatar hannu, kuɗin mutum ya fi kuɗin zinariya, sai ɗakunan ajiyar kaya na ƙasa suka koma ɗakunan ajiyar mutane.

ƊAKUNAN ƘASA

Da an wuce ƙofa ta biyu sai a faɗa wani babban fili mai daɓen dutse, benaye sun kewaye shi. A tsakiyarsa akwai wani gini mai jan tubali a goshi, cocin da Fotugal ta gina. Turawan Holan ba ɗarikarsu ɗaya da Fotugal ba, don haka suka mai da shi wurin ciniki da ɗakin cin abincin hafsoshi. Yau ɗan ƙaramin gidan tarihi ne, inda aka jera hotuna da taswirori da labarin garin.

Daga nan ɗan jagora kan ja baƙi zuwa kurkukun mata, nan ne kuma hira kan mutu. Wanda ya shigo yana dariya yana ɗaukar hoto sai ka ga ya mai da wayarsa aljihu. Ɗakuna ne masu rufin baka, bango ya yi kore saboda danshi, iska ba ta shiga sai ta wata 'yar kafa. Akwai wani wari mai nauyi da ya kama wurin, na gishiri da laima da tsufa, wanda baƙi da yawa kan rantse cewa warin mutane ne bai fita ba. 'Yan jagora kan ce a lokaci guda akan tara maza wajen 600 da mata wajen 400 a gidan. A nan suke ci, a nan suke kwana, a nan suke biyan bukata, wani lokaci har wata biyu ko uku, sai ran da jirgi ya zo. Wanda ya mutu a jefa shi teku.

Kurkukun matan yana buɗewa ne ga wani ɗan tsakar gida, bisa kansa kuma akwai baranda ta gidan Gwamna. Bisa ga abin da ake faɗa wa masu ziyara, daga wannan baranda Gwamna kan leƙo ya zaɓi wadda yake so, a ɗebo ruwa daga rijiyar da ke tsakar gidan a wanke ta, a hau da ita ta wani tsani na katako da ke ɓullawa ta wata ƙofa a daɓen bene. Rijiyar tana nan, tsanin yana nan. A ƙasa kuma ga waɗansu dunƙulallun harsasan igwa, waɗanda aka ce akan ɗaure wadda ta ƙi a jikinsu ta wuni cikin rana.

Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne abin da ke bisa. Daidai saman wannan sashe Turawan Holan suka yi nasu ɗakin ibada, har da ayar Zabura a rubuce bisa ƙofa. Tsakanin masu waƙar yabon Ubangiji ran Lahadi da waɗanda ke kwance cikin ƙazanta babu abin da ya raba sai daɓe ɗaya. Ba lalle ne mutum ya zama malami ba kafin ya ga abin da ke nan, kuma bai kamata mabiyin wani addini ya yi saurin taɓa baki ba, don kasuwannin bayi na Salaga da Kano da Zinder ma ba su yi nisa da masallatai ba.

A gefen babban filin akwai ɗakuna biyu dab da juna waɗanda suka isa su bayyana tsarin gidan duka. Na farko na sojan Bature ne wanda ya yi maye ko ya yi rashin kunya, ƙofarsa tana da tagar ƙarfe, iska da haske na shiga, ya kwana ɗaya ko biyu a sake shi. Na biyu an zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa bisa ƙofarsa, ba taga, ba kafa. Nan ake jefa bawan da ya yi tawaye, ba ci ba sha, ba a kuma buɗewa sai ya mutu. 'Yan jagora sukan shigar da baƙi ciki su rufe ƙofa na ɗan lokaci kaɗan. Ko minti ɗaya ba a cikawa sai ka ji wani ya fara bugun ƙofa.

Daga kurkukun maza ake bi ta wani lungu mai duhu, sai mutum ya sunkuya, a fito wani ɗaki wanda ba shi da komai sai wata tsaga a bango, tsawonta bai kai na mutum ba, faɗinta kuwa sai a karkace. Ita ce ake kira Ƙofar Da Ba A Komowa. An ƙuntata ta ne don a riƙa fita ɗaya ɗaya ana ƙirgawa. A wancan zamani ruwa ya fi matsowa kusa, kwalekwale na jira a ƙasa ya kai su ga babban jirgi. Yau in an leƙa sai a ga rairayi da masunta na gyaran taru. A gindin bangon akwai furanni da kyandirori da 'yan takardu waɗanda jikokin bayi daga Amurka da Jamaika da Brazil da Surinam suke ajiyewa. Waɗansu sukan yi addu'a, waɗansu waƙa, waɗansu kuwa sai an riƙe su.

Masana sun ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga Afirka cikin shekarun wannan ciniki, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu daga wannan gaɓa ta Gold Coast. Jiragen Holan kaɗai sun ɗauki wajen 600,000 daga gaɓoɓi dabam dabam. Holan ta hana cinikin cikin 1814. Sai a Disamba 2022 Firayim Ministanta ya nemi gafara da sunan gwamnati, Sarkinta kuma ya yi haka ran 1 ga Yuli 2023.

Bayan wannan duhu sai a hau bene, a shiga gidan Gwamna. Ɗakuna ne masu faɗi, daɓen katako, manyan tagogi ta kowane gefe, iskar teku na kaɗawa har mutum ya ji barci. Daga kan ganuwa, inda tsofaffin igwa suke jere sun yi tsatsa, ana ganin garin duka, da itatuwan kwakwa, da jirage na shigowa. Wuri ne mai kyau ƙwarai, babu mai musun wannan, kuma kyan nasa yana cikin abin da ke damun mai ziyara.

INA RUWAN BAHAUSHE?

Mai karatu zai iya tambaya ko akwai Hausawa cikin waɗanda suka fita ta wannan tsaga. Gaskiyar magana ita ce, yawancin Hausawan da aka ƙetarar da su teku ba ta nan suka bi ba. Ta hannun Oyo da Nufe aka gangara da su zuwa Ikko da Badagiri da Porto Novo da Wida, aka kai su Bahiya ta Brazil, inda suka shahara da tawaye tun daga 1807. Amma hanyar Gwanja ta haɗa ƙasar Hausa da wannan yanki tun da daɗewa. Bayan da Tonawa, watau Asante, suka rinjayi Gwanja da Dagomba a tsakiyar ƙarni na 18, sai suka riƙa karɓar gandu na bayi daga arewa, Salaga kuma ta zama kasuwar da ake musayar goro da mutane. Elmina kuwa ita ce babbar ƙawar Kumasi a bakin teku. Wanda aka kama a arewa aka gangaro da shi, kafin ya ga teku akan tsaya da shi a Assin Manso a yi masa wanka na ƙarshe a rafi. Wurin yana kan hanyar Kumasi zuwa Cape Coast, masu ziyara da yawa kan haɗa shi da Elmina a tafiya ɗaya.

Inda sunan Hausawa ya fito sarai a takardu shi ne bayan an hana cinikin. Holan tana bukatar sojoji a tsibiran da yau ake kira Indonesiya, Turawa kuwa zazzaɓi na kashe su a can. Tsakanin 1831 da 1872 ta ɗebi 'yan Afirka wajen 3,000 ta Elmina ta kai su Jawa. Cikin 1837 har yarjejeniya ta ƙulla da Sarkin Asante Kwaku Dua na Ɗaya don ya riƙa ba ta mutane. Yawancinsu bayi ne 'yan arewa, Mosawa da Gurunsawa da Dagombawa da Hausawa, akan fanshe su, sa'an nan a riƙa cire kuɗin fansar daga albashinsu. Ingila ta yi ƙorafi cewa wannan cinikin bayi ne aka sake wa riga. Waɗanda suka komo bayan sun gama aiki an ba su wani tudu a garin suka zauna, har yau ana kiransa Tudun Jawa. Akan ce ma su ne suka kawo sha'awar zanen batik wanda ya haifi atamfa 'yar Holan da ake sa wa a lefe, ko da yake masana tarihi ba su haɗu a kan wannan ba.

Sai kuma 1872, shekarar da Holan ta sallama wa Ingila dukan gidajenta na wannan gaɓa bayan ta yi shekara 235 a Elmina. Ba a shawarci mutanen garin ba. Su kuwa abokan Asante ne, maƙiyansu Fanti su ne abokan Ingila, saboda haka Sarkin Elmina Kobina Gyan ya ƙi amincewa da sabuwar tuta. Cikin 1873 aka kama shi aka kai shi Saliyo, bai sake ganin garinsu ba sai 1894. Asante ma ta ce gidan nata ne, don shekara da shekaru Holan na biyan ta kuɗin ƙasa, ta kuwa turo runduna. Ran 13 ga Yuni 1873 Ingilishi suka juya bakin igwar gidan kan tsohon garin Elmina, wanda ke manne da ganuwar, garin da ke da gidajen dutse masu benaye da mutane fiye da 10,000. Kafin la'asar ya zama toka. A ranar ce kuma aka gwabza da rundunar Asante a bayan gari.

Cikin sojojin da suka yi wa Ingila wannan yaƙi akwai Hausawa. Su ne waɗanda ake kira Hausawan Gulba, rundunar da John Glover ya kafa a Ikko cikin 1863, wadda daga cikinta sojan Nijeriya ya samo tushe. Da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa suka sami mafaka a bariki. Ga mutumin da ya tsere wa igiya, ga shi kuma riƙe da bindiga a ƙofar gidan bayi yana yi wa sabon mai gida aiki. Da su aka ci Kumasi cikin 1874, kuma da yawa ba su koma gida ba, suka yi aure suka zauna, suna cikin waɗanda suka kafa zangunan garuruwan bakin teku. Shi ya sa har yau baƙo daga Kano ko Sakkwato ba zai rasa wanda zai amsa masa sallama da Hausa a kasuwar Kotokuraba ta Cape Coast ba, ko ya rasa inda zai sayi waina da koko.

A can bisa, a wata kusurwa mai kallon teku, akwai ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan Ingilishi sun kama shi a Kumasi cikin Janairu 1896. Daga nan aka wuce da shi Saliyo, sa'an nan tsibirin Seshel cikin 1900, bai komo ba sai 1924. Gidan da kakanninsa ke karɓar kuɗin hayarsa, shi ya zama kurkukunsa.

A SHAFE KO A BARI?

Dalilin da ya sa gidan bai rushe ba shi ne bai taɓa zama kango ba. Ingilishi sun yi ofis da bariki a ciki, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an horar da sojojin Afirka ta Yamma a nan, daga baya ya zama makarantar 'yan sanda. Ghana ta karɓe shi da samun mulkin kai cikin 1957, cikin 1979 kuma hukumar UNESCO ta sa shi, tare da sauran kagarun gaɓar, cikin wuraren tarihi na duniya. Amma iskar gishiri ba ta barin ƙarfe ko katako, damina kuma na cin bango, don haka gyara ba ya ƙarewa.

Gyaran nan kuwa ya taɓa jawo gardama mai zafi. Cikin shekarun 1990, sa'ad da aka yi babban aikin gyara a nan da Cape Coast, aka yi fenti, aka sa fitilu, aka buɗe kantunan tsaraba, baƙaƙen Amurka mazauna Ghana suka tashi suka ce ana shafe musu tarihi da farar ƙasa. A wurinsu wannan maƙabarta ce, ba a kuwa cin abinci ko ciniki a maƙabarta. Waɗansu 'yan ƙasar suka ce gidan ba na bayi kaɗai ba ne, shekara ɗari biyar na tarihin garinsu ne, da zinariya da yaƙi da auratayya, ga iyalai masu sunayen Holan irin su Bartels da Vroom har yau a garin, ga kuma matasa marasa aikin yi waɗanda baƙin nan ne abincinsu. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da aka yi a ƙarshe shi ne aka bar kurkukun ƙasa yadda suke, ba fenti ba ado, ana shafe na bisa. Tun daga 1992 ake bikin PANAFEST wanda ke tara jikokin bayi a wannan gaɓa, cikin 2019 kuma Ghana ta yi Shekarar Komowa Gida, baƙi suka yi ta tururuwa.

Duk da haka akwai abin da ya rage. Labarin da ake bayarwa a ciki ya fi ƙarfi a kan abin da Bature ya yi daga ƙofa zuwa teku. Wanda ya kamo mutumin, da wanda ya saye shi a Salaga, da wanda ya kora shi mil ɗaruruwa a ƙasa da igiya a wuya, ba a cika daɗewa a kansu ba, sai in baƙo ya matsa da tambaya. 'Yan jagora na kirki ba sa ɓoyewa in an tambaye su.

Zagayen duka bai fi sa'a ɗaya da rabi ba, kuma gara a je da safe kafin rana ta yi zafi, motocin 'yan makaranta su cika wurin. Wanda ke da sauran ƙarfi ya hau tudun Santiyago, daga can ne ake ganin gidan sosai, da gwalalonsa da hasumiyoyinsa, a kuma gane yadda aka yi aka ci shi cikin 1637. A cikin gari akwai maƙabartar Turawan Holan, da ɗakunan tsafin ƙungiyoyin Asafo masu gumakan siminti. In kuwa ziyarar ta dace da Talatar farko ta watan Yuli, to, an dace da Bakatuwe, bikin buɗe kogin Benya, ran da sarki ke fitowa cikin maƙarar sarauta a jefa taru sau uku.

A hanyar fita, gaban kadarko, akwai wani fili mai faɗi wanda ya miƙe yamma tsakanin teku da kogi. Motocin baƙi na tsayawa a bakinsa, yara na buga ƙwallo, masunta na shanya taru. Nan ne tsohon garin Elmina yake kafin 13 ga Yuni 1873. Ingilishi sun hana a sake gini a wurin, suka mai da shi filin fareti. Masu haƙar tarihi da suka tona shi daga shekarun 1980 sun tarar da harsasan gidaje, da tukwane, da duwatsun wuya, da tangaran na Turai da na Sin, duk suna nan ƙasa kaɗan da inda ake taka ƙwallon.